Hanji, abinci da tunani: me bincike ya tabbatar, me ake ƙara wa gishiri?

Shin da gaske ne ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum suna da hannu a ƙibarsa, da ƙarfin garkuwar jikinsa, har ma da ciwon damuwa? Wannan tambaya ta fito daga ɗakunan bincike ta shigo kasuwa. A Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp ana yawan cewa hanji shi ne ƙwaƙwalwa ta biyu, kuma galibi mai wannan magana yana da abin sayarwa a hannu: ko ƙwayoyin furobayotik (bakteriya masu rai da ake sha don gyara hanji) daga waje, ko garin maganin dattin ciki, ko shayin wankin ciki da ake cewa yana kawar da kasala, mantuwa da ɓacin rai. Akwai ilimi na gaske a ƙarƙashin wannan hayaniya, ilimin da ya haɗa masana muhalli, masana abinci, masana sinadaran jiki da masana halayyar ɗan Adam a kan teburi ɗaya. Sai dai hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wanda bai bambance mai ƙarfi da mai rauni ba zai iya kashe kuɗinsa a banza, ko ya cutar da kansa.

Su wane ne mazauna hanji?

Jikin mutum gida ne ga bakteriya da sauran halittun da ido ba ya gani, kuma mafi yawansu suna cikin babban hanji. An daɗe ana maimaita cewa sun ninka ƙwayoyin jikin mutum sau goma, har sai da masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka sake lissafin a 2016, suka samu cewa a jikin namiji mai nauyin kilo 70 akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa kuma kusan tiriliyan 30. Nauyin bakteriyar gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba.

Masana muhalli ne suka koya wa likitoci yadda za su kalli wannan taro. Suna kallonsa kamar daji: akwai jinsuna ɗaruruwa da ke gasar abinci da wurin zama, wani yana cin abin da wani ya fitar, kuma idan dajin ya cika da mazaunansa na asali, baƙo mai cutarwa yana shan wuya kafin ya sami gindin zama. Idan gobara ta cinye shi, abin da ya fara tsirowa ba lallai ne ya zama abin da ke wurin a da ba.

Aikin da aka fi fahimta shi ne na harza, wato ɓangaren hatsi, wake, ganye da 'ya'yan itatuwa da cikin mutum ba ya iya narkarwa. Harza tana wucewa har babban hanji, bakteriya su ci, su fitar da wasu sinadarai masu tsami, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne butiret. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon babban hanji, yana taimakawa wajen riƙe bangon da ƙarfi, yana kuma kwantar da garkuwar jiki don kada ta riƙa tayar da kumburi ba dalili. Wannan alaƙa tana farawa tun daga haihuwa. Nonon uwa yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, amfaninsu shi ne ciyar da wata bakteriya mai suna Bifidobacterium da ke kare hanjinsa, kuma wannan ƙarin dalili ne kan shawarar shayar da nonon uwa zalla na wata 6.

Abin da aka gano a Afirka

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin binciken da suka buɗe wannan fage an yi shi ne a kan abincin da Bahaushe ya sani sarai. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta yara 'yan shekara 1 zuwa 6 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da takwarorinsu na birnin Florence. Yaran ƙauyen suna cin gero, dawa, wake da ganye. An samu hanjinsu cike da bakteriya irin su Prevotella masu iya narkar da harza, da ƙarin sinadaran nan masu tsami, sannan dangin bakteriyar da ke haddasa gudawa, irin su Shigella, sun fi ƙaranci a wurinsu. A Najeriya ma Funmilola Ayeni da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2018 da ya nuna bambanci tsakanin hanjin al'ummar Bassa mazauna karkara da na mazauna birane.

Kwatanta al'umma biyu ba ya nuna musabbabi, domin sun bambanta a ruwan sha, da aiki, da magunguna. Shi ya sa gwajin musayar abinci ya fi nauyi. A 2015 Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mazauna karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu 20, aka yi musu musayar abinci na mako 2. Amurkawan suka koma cin masara da wake da ganye mai harza fiye da giram 50 a rana, 'yan Afirka ta Kudun kuma suka koma cin nama da soye-soye masu maiƙo. Cikin wannan ɗan lokaci butiret ya ninka fiye da sau biyu a hanjin Amurkawan, alamomin da ake dangantawa da haɗarin kansar babban hanji suka ragu, yayin da a ɗaya ɓangaren aka ga akasin haka. A 2025 aka wallafa irin wannan gwaji daga yankin Kilimanjaro na Tanzaniya a mujallar Nature Medicine, da maza 77. Waɗanda suka bar abincin gargajiya suka koma na kanti na mako 2 an ga alamomin kumburi sun ƙaru a jininsu, waɗanda suka koma na gargajiya kuma alamomin suka ragu, kuma wani ɓangare na tasirin yana nan bayan mako 4 da kammala gwajin.

Akwai wani gwaji na ɓeraye da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne tunanin masana muhalli ya fi fitowa. A 2016 Erica da Justin Sonnenburg na Jami'ar Stanford suka hana ɓeraye harza, suka bi zuriyarsu har tsatso huɗu. A tsatson farko, da aka maido da harza yawancin bakteriyar sun dawo. Amma kowane tsatso yana gadar wa na gaba ƙarancin jinsuna, har ta kai harza kaɗai ba ta iya dawo da waɗanda suka ɓace. Gwajin ɓera ne, ba za a ɗora shi kai tsaye a kan mutum ba, amma yana tayar da tambayar da ta shafi duk gidan da ya bar tuwon dawa da fura ya koma farar shinkafa, burodi da taliya: wane irin hanji ake gadar wa jikoki?

Duk da haka, Afirka ba ta da kaso mai yawa a wannan ilimi. Wani nazari na 2022 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran da aka tara a rumbunan bayanai na duniya sun fito ne daga Turai, Amurka da Kanada. Da aka yi babban bincike a kan mata 1,801 daga Burkina Faso, Ghana, Kenya da Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2025, an gano nau'o'in bakteriya fiye da 1,000 da babu su a waɗannan rumbuna. Ma'anar haka ita ce, ma'aunin "lafiyayyen hanji" da kamfanoni ke tallatawa an gina shi ne a kan jikin wasu mutane masu wani irin abinci daban.

Daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa: inda ake yawan zarce gona da iri

Babu musu cewa hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo. Kowa ya san yadda fargaba ke murɗa ciki. Akwai babbar jijiya, wadda likitoci ke kira begas, da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, kuma mafi yawan zarenta saƙo yake kai wa sama. Akwai hanyar garkuwar jiki, domin kumburi yana shafar barci, kuzari da yanayin rai. Akwai kuma sinadaran da bakteriya ke fitarwa su shiga jini.

Masu talla sun fi son maimaita cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin sirotonin, wanda ake dangantawa da walwala, a hanji ake yin sa. Adadin gaskiya ne, amma an ɓoye rabin labarin. Sirotonin na hanji aikinsa motsa hanji ne da taimakawa wajen daskarewar jini, kuma ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ita ke yin nata.

Hujjojin da suka fi burgewa daga ɓeraye suka fito. A 2004 Nobuyuki Sudo a Japan ya nuna cewa ɓerayen da aka raina ba tare da ko bakteriya ɗaya a jikinsu ba suna fitar da sinadaran firgici fiye da kima idan aka takura su. A 2011 masu bincike a Cork ta ƙasar Ireland suka ba ɓeraye wata bakteriya ta dangin Lactobacillus, alamomin fargaba suka ragu, kuma da aka yanke jijiyar begas tasirin ya ɓace. Amma da masu binciken na Cork suka gwada bakteriyar a kan maza 29 masu lafiya a 2017, ba ta fi ƙwayar da ba ta da magani ba. Wannan gibi tsakanin ɓera da mutum shi ne abin da masu talla ba sa ambata.

A kan mutane, babban bincike na Beljiyam a 2019, da mutum 1,054, ya samu cewa masu ciwon damuwa suna da ƙarancin bakteriya biyu, Coprococcus da Dialister. Sai dai wanne ya fara? Mai ciwon damuwa yakan rage cin abinci ko ya koma kayan zaƙi, barcinsa ya lalace, ya daina motsa jiki, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya hanji. An ga misalin wannan juyin a 2021, lokacin da masu bincike a Ostareliya suka duba yara 247, ciki har da masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, suka kammala cewa yawan zaɓen abinci da lalurar ke haifarwa ne ya fi bayyana bambancin hanjinsu, ba hanjin ne ya haifar da lalurar ba.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi kan abinci da damuwa shi ne na Felice Jacka a Jami'ar Deakin a 2017. Mutum 67 masu ciwon damuwa aka raba gida biyu na mako 12: wasu suka sami jagorar masanin abinci, wasu suka sami zaman hira da tallafi. Kashi 32 cikin 100 na rukunin farko sun sami sauƙi sosai, a na biyu kuma kashi 8. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutanen ba su da yawa, sun san rukunin da suke, kuma yawancinsu suna ci gaba da shan magani ko ganin likita. Wani gwaji mafi girma a ƙasashen Turai huɗu, da mutum 1,025, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ƙwayoyin ƙarin sinadaran gina jiki ba su hana kamuwa da ciwon damuwa ba cikin shekara guda. A ganina abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, kyakkyawan abinci yana iya tallafa wa jinya, amma babu wata hujja da ta halatta wa mai ciwon damuwa ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda kindirmo ko wata ƙwaya ta kanti. Wannan ya fi damuna fiye da asarar kuɗi, domin a wurarenmu tun da farko mutane na jin nauyin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya ba su wata hanya ta kauce masa za su rungume ta.

Abincin masana'anta

Masana a Brazil ƙarƙashin Carlos Monteiro ne suka ware wani rukuni na abincin da aka sarrafa ƙwarai a masana'anta, irin su lemon kwalba, biskit, alewa da taliyar leda. A 2019 Kevin Hall ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na gwamnatin Amurka na wata guda, mako 2 a kan irin wannan abinci, mako 2 a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo 1. Wani nazari na 2024 a mujallar likitoci ta BMJ ya danganta yawan cinsa da matsalolin lafiya 32, ciki har da fargaba da damuwa, kodayake wannan dangantawa ce kawai. Masu suka suna cewa rukunin ya yi faɗi, ya haɗa mai illa da marar illa, kuma talaka yana sayen taliyar leda ne saboda araha da saurin dahuwa a lokacin da gawayi da gas suka yi tsada. Sukar tana da tushe, kuma nasihar da ba ta duba aljihu ba ba ta zuwa ko'ina.

Wankin ciki, antibayotik da furobayotik

Idan an fahimci cewa hanji mazauni ne na halittu masu amfani, za a ga cewa al'adar shan maganin zawo a kai a kai don fitar da dattin ciki ba ta da madogara. Hanji yana sabunta bangonsa cikin 'yan kwanaki, kuma zawon da aka jawo da gangan yana zubar da ruwa da gishirin jiki, abin da ke da haɗari ga yara, tsofaffi da masu ciwon ƙoda.

Antibayotik kuwa yana ceton rai, amma ba ya tantance mai cuta da mai amfani. Jamhuriyar Nijar ta ba duniya darasi a kan fuskokin biyu. A gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018, an riƙa ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azitromaisin sau biyu a shekara a Nijar, Malawi da Tanzaniya. Mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin 100 gaba ɗaya, a Nijar kuma, inda aka yi aikin a jihar Dosso, da kashi 18. Binciken da ya biyo baya ya nuna bakteriyar Campylobacter mai haddasa gudawa ta ragu a hanjin yaran, amma bakteriya masu bijire wa wannan rukunin magani sun ƙaru. Inda yara ke mutuwa da yawa, ribar ta rinjayi haɗarin, kuma ana yin sa ne bisa tsari da sa ido. Wannan ya sha bamban da sayen kafso biyu a kemis saboda mura, wadda antibayotik ba ya yi mata komai.

Game da furobayotik, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar ba da shawarar shan su a yawancin cututtukan ciki. Wani bincike na Weizmann a 2018 ma ya nuna cewa shan su bayan antibayotik ya jinkirta dawowar bakteriyar mutum ta asali. Inda gyaran hanji ya yi nasara ƙarara shi ne cutar gudawa mai naci ta Clostridioides difficile: a gwajin Amsterdam na 2013, dashen bakteriya daga bayan gidan mai lafiya ya warkar da mutum 13 cikin 16 a karon farko. Aikin asibiti ne da ake tantance mai bayarwa sosai, domin a 2019 an rasa rai a Amurka sakamakon dashen da ke ɗauke da bakteriya mai bijire wa magani.

Me wannan ke nufi ga kwanon gidanmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa baligi ya ci aƙalla giram 25 na harza da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. Gero, dawa, acca, wake, gujiya, kuka, kuɓewa, zogale, rama da yakuwa duk suna kai mutum ga wannan, matuƙar ba a surfe hatsin har an raba shi da dusarsa gaba ɗaya ba. Wanda bai saba ba ya ƙara a hankali, don kumburin ciki kan biyo bayan sauyi na gaggawa.

Abinci mai tsami ma yana da hujja. A gwajin Stanford na 2021, da mutum 36 na mako 10, masu cin abincin da aka tsimar sun sami ƙarin jinsunan bakteriya, kuma sinadaran kumburi 19 sun ragu a jininsu, alhali a rukunin da aka ƙara wa harza kaɗai yawan jinsunan bai ƙaru ba a wannan lokaci. Nono da kindirmo suna cikin wannan sahu. Koko da daddawa an tsimar da su, amma dahuwa tana kashe bakteriyar, don haka amfaninsu ta wata fuskar ne: tsimawa tana rage sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfe da zinki daga hatsi da wake. Dole kuma a tafasa madara kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka na shanu, kuma ruwan da ake dama fura da shi ya zama mai tsabta. Yaran Boulpon suna da wadatar bakteriya, amma suna zaune a yankin da gudawa ke kashe yara, saboda haka ba komawa rayuwar da babu famfo da rigakafi ake nema ba.

Fagen da zai fi amfanar yankinmu shi ne tamowa. Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis, tare da abokan aikinsa a Dhaka ta Bangladesh, sun haɗa wani abinci daga gyaɗa, waken suya, ɗanyar ayaba da wani nau'in wake, da nufin ciyar da bakteriyar da yaro ke buƙata don girma. A gwajin da aka wallafa a 2021, yara 'yan wata 12 zuwa 18 da suka ci shi na wata 3 sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin tallafi da aka saba bayarwa, duk da cewa kalorinsa ya fi ƙaranci. Gyaɗa da waken suya ana noma su a Kano, Kaduna da Katsina, kuma yaran da ke fama da tamowa suna nan a Arewa maso Yamma, Arewa maso Gabas, Maraɗi da Damagaram. Abin da ya rage shi ne jami'o'i da asibitocin koyarwa na yankin su gwada irin wannan haɗi da kayan gonarmu a kan yaranmu, su auna nauyi, tsawo da hanji, su wallafa abin da suka samu.